Kyaftin Dinar Wali da Ƙanƙarar Lowari

Allah ne Ya ba mu aronsa, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, wadda ta yi daidai da sha biyu ga Sha'aban, Kyaftin Dinar Wali ya rasu a wani asibiti a Peshawar, bayan jinyar ciwon hanta da ya ɓoye wa kusan kowa. Maƙwabcina Gulab mai shagon shayi ne ya hawo matakalar gidana da hantsi. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai yi mini tsiyar da ya saba ba, ya kira ni Bap, yadda ake kiran dattijo a nan, ya ce, "Sai haƙuri. Kyaftin ɗinka ya tafi." Na ce masa ya zauna. Ya zauna tare da ni har wutar murhu ta mutu.

Dinar, kai ya kamata ka rubuta mini irin wannan. Na girme ka da kusan shekara talatin, idona ɗaya ya riga ya yi sallama da karatu. Na ɗauka kai za ka tsaya a kaina ranar da za a sa ni a ƙasa. Amma ga shi ni ne na rage, kuma akwai wata magana a kanka da ta daɗe tana yawo a kwarin nan, wadda ni kaɗai na ga gaskiyarta da idona. In na tafi da ita, babu sauran mai ba da shaida a kanka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mir Ajab. Na tuƙa jirgin fasinja tsakanin Peshawar da Chitral tun zamanin da in dusar ƙanƙara ta rufe mashigar Lowari, kwarinmu ba shi da wata ƙofa sai ta sama. Mara lafiya ta nan zai fita, ɗalibi ta nan zai tafi jarrabawa, gawa ta nan za ta dawo gida. A shekarun ƙarshe na aikina aka kawo mini kai a matsayin mataimaki, siriri, gashin baki bai gama fitowa ba, ga takardun shaida masu kyau. Ka gaishe ni da "Ustad", kuma ba ka sake kirana da wani suna ba har ka koma ga Allah.

Abu na farko da na koya maka ba ya cikin littattafan da ka zo da su. A gindin waifar gilashin gaba akwai wani noti, bai fi kan babban yatsa ba. Na nuna maka shi, na ce duk lokacin da muka shiga gajimare a cikin sanyi, ido ɗaya yana kan agogunan tuƙi, ɗaya yana kan wannan noti. Ƙanƙara takan fara kama ƙananan abubuwa masu tsini kafin a gan ta a kan fiffike. In noti ya yi fari kamar an barbaɗa masa gishiri, a kunna robar bakin fiffike, wadda ke kumbura ta farfasa abin da ya daskare, a ci gaba da lura. In kuwa ya yi santsi kamar gilashi, yana girma kana kallonsa, to babu shawara, a juya tun akwai filin juyawa. Tsakanin duwatsun Lowari ba ko'ina jirgi ke iya juyawa ba. Haka wanda ya koya mini ya koya mini.

Ka yi dariya ranar, ka ce, "Ustad, jirgi mai tsada haka, noti ne limaminsa?"

Na ce, "Shi ne. Kai ladan ne, in ka gani ka kira."

Daga ranar kake kiransa Liman. Mu shiga gajimare, sai in ji ka ce, "Ustad, Liman ya sa farin rawani." Ni kuma in miƙa hannu in kunna robar.

Ni da matata Mehr Nigar Allah bai ba mu haihuwa ba. Ranar da na fara kai ka gida ta dube ka sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ne zai riƙe jirgi? Ai iska ma za ta ɗauke shi." Ta dire maka shayi mai gishiri da gurasa mai cuku a ciki, ta tsaya a kanka sai da ka cinye uku. Tun daga nan ka zama ɗan gida. Kana kiranta Nan, kamar yadda kowane ɗa a kwarin nan ke kiran mahaifiyarsa, ita kuwa tana yi maka faɗa a kan rigar sanyi a gaban baƙi. Ita ta je ta gano maka matarka Zaibun Nisa, ita ta fara ɗaukar 'yarka Nilufar ranar da aka haife ta.

Mutanen da ke faɗin sunanka da dariya yanzu sun manta jakarka. Baƙar jaka ce ta fata, wadda ya kamata a ce taswira ce da abincin rana a cikinta. Rabinta kullum maganin mutane ne. Mai ciwon suga a Drosh, tsohuwa mai hawan jini a Booni, duk wanda ya rubuta sunan magani a 'yar takarda ya miƙa maka a filin jirgi, gobe ko jibi zai same shi a shagon Gulab. Akwai shekarar da aka manta wani makaho a zauren jira na Peshawar, danginsa ba su zo ba. Ka kai shi gidan da kake kwana, ka yi masa wanka da hannunka, washegari ka zaunar da shi a kujerar gaba. Ban ji wannan daga bakinka ba, makahon ne ya ba ni labari a masallaci.

Bayan na ajiye aiki aka kawo sababbin jirage masu allon yanayi a ɗakin tuƙi. Ka zo ka ɗauke ni da kanka, ka hau da ni jirgin yana tsaye, ka zaunar da ni a kujerar hagu, ta kyaftin, kamar dā. Ka kunna allon. Na ga duwatsun da na yi rayuwata ina lalube a cikinsu an zana su sarai, hadari kuma da launi: kore, rawaya, ja. Ka nuna mini wani shafin da ake aiko wa jirgi daga ƙasa, mai nuna inda ake zaton ƙanƙara za ta kama. Gaskiya na yi sha'awa. Na tuna abokan aikina biyu da hadarin bazara ya haɗiye, na ce da suna da wannan da watakila sun tsufa tare da ni.

Kai ma kana son allon, ba ka taɓa kushe shi ba. Amma ranar ka gaya mini abin da ke damunka. Ka ce na'urar da ke hancin jirgi manyan ɗigon ruwa take gani. Gajimaren da ke kwanciya a kan Lowari da hunturu kuwa yayyafi ne siriri, ruwa ne da ya fi ƙanƙara sanyi amma bai daskare ba, yana jiran ƙarfe ya taɓa shi. Wannan na'urar ba ta cika ganinsa ba. Shafin da ake aikowa daga ƙasa kuma hasashe ne, an yi shi tun kafin ka tashi, kuma wanda ya yi shi bai shiga gajimaren ba. Ka ce, "Ustad, ku a zamaninku kowane gajimare kuna jin tsoronsa, saboda ba ku san abin da ke ciki ba. Mu yanzu in allo ya yi tsabta sai mu ji kamar an ba mu izini. Yaran da ke zuwa sun daina duba taga." Sannan ka ƙwanƙwasa gilashi da yatsa wajen notin, ka ce, "Liman dai yana nan. Ba su cire shi ba."

Yanzu na zo ga ranar da ake magana a kai.

Mehr Nigar ta rasu a asibiti a Peshawar a tsakiyar hunturu, shekarun da ba a gama haƙa hanyar ƙarƙashin dutse ba. Lowari a rufe take. Abu ɗaya ta roƙa tun tana iya magana: a mayar da ita garinsu Ayun, a binne ta kusa da mahaifiyarta, inda ake jin ƙarar rafi. Kowa a kwarin nan ya san nauyin wannan. Ba ma barin namu a ƙasar wasu. Kai ne ka karɓi jirgin ranar, ba kuma layinka ba ne, musanya ka yi da wani. Da hannunka ka taya aka sa akwatinta a ma'ajiyar kaya. Ni da ƙaninta Haji Bahram muka shiga tare da sauran fasinjoji, jirgi cike, har da mata masu goyo. An riga an buga waya Ayun, an haƙa kabari, mutane sun taru a filin jirgin Chitral.

Ka sa aka ba ni kujerar da ke kusa da fiffike. Mun tashi rana tana haske. Da muka doshi Lowari sai muka shiga wani gajimare mai launin toka, marar tsawa, marar girgiza, irin wanda fasinja ba ya ko ɗaga kai dominsa. Ni na ɗaga. Na ga robar bakin fiffike ta kumbura, ƙanƙara ta farfashe ta tashi. Na ce alhamdulillahi. Ta sake kumbura. A karo na uku na ga abin da matuƙi ba ya son gani: ƙanƙarar ta daina tsayawa a kan robar. Ruwan yana gangarawa baya, yana daskarewa a bayanta, inda babu abin da zai fasa shi. Wata kunya ce irin ta gona ta fito a tsawon fiffiken, mai santsi, tana ƙara tudu. Sai na fara jin gutsattsarin da farfela ke jifa suna bugun jikin jirgi kamar ana watsa tsakuwa. Gilashin tagata ma ya fara rufewa daga gefe.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana wajen akwatin da ke ƙarƙashin ƙafafuna. Chitral tana gaba kaɗan. Amma na yi shekara talatin a wannan hanya, na san jirgin da fiffikensa ya ɗauki irin wannan kunya yakan daina tashi ba tare da gargaɗi ba, kuma a ƙarƙashinmu babu komai sai dutse. Ina cikin wannan sai na ji fiffiken dama ya sunkuya a hankali. Ka juya. A daidai wurin da ni ma zan juya ka juya, wuri na ƙarshe mai faɗi kafin kwarin ya matse.

Muryarka ta fito a lasifika, ka ce yanayi bai ba da hanya ba, za mu koma Peshawar.

Ga abin da ya cuce ka, Dinar. Da muka sauko ƙasa-ƙasa iska ta yi ɗumi. Kafin tayoyi su taɓa ƙasa, duk abin da na gani ya narke. Muka fito, rana tana haskawa, fukafukai fes, ruwa kawai ke ɗiga a kan kwalta. Haji Bahram ya tsaya a gindin matakala yana jiranka. Ka sauko, idanunka jajur.

Ya ce, "Kyaftin sahib, ina ƙanƙarar? Nuna mini."

Ka ce, "Ta narke, Haji sahib."

"Ta narke. To madalla. Gurasar da yayata ta yi shekara ashirin tana ba ka, ita ma ta narke ke nan?"

Sai ya juya ga mataimakinka, wani saurayi sabon zuwa, ya ce, "Kai ɗana, kai dai ba ka iya ƙarya ba tukuna. Na'urarku me ta nuna?"

Saurayin ya ce, "Allon dai bai nuna komai ba, Haji sahib, amma..."

Babu wanda ya tsaya jin abin da ke bayan amma ɗin. Na ce wa Haji, "Na gani da idona, Bahram." Ya ce, "Lal," wato yaya, "kai yau ba ka ganin komai sai hawaye. Kuma yaronka ne, dole ka rufa masa."

Daga yammacin ranar sama ta rufe gaba ɗaya, jirgi bai sake tashi ba sai bayan mako. Gawa ba ta jira. Muka binne Mehr Nigar a wata maƙabarta a gefen Peshawar, tsakanin mutanen da ba su san sunanta ba. Kai ka shiga kabarin ka karɓe ta, domin gwiwoyina sun ƙi. Kabarin da aka haƙa a Ayun kuwa aka mayar da ƙasarsa.

Kafin dusar ƙanƙara ta narke labari ya gama kwarin. Na'ura ta ce hanya lafiya, matuƙi ya ji tsoro, ya hana uwar da ta ciyar da shi kwanciya a garinsu. Aka sa maka suna Kyaftin Juya-baya. A shagon aski ake faɗa, a filin ƙwallon dawaki ake faɗa, in dokin wani ya ƙi shiga sai a ce ya yi Dinar Wali. Na faɗi abin da na gani a masallaci, na faɗa a wajen biki, na faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni. Sai su gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da ake yi wa tsoho. Kamfani ya bincika ya ce ka yi daidai, amma takardar kamfani ba ta zuwa shagon aski. Kuma ba ka taimaki kanka ba, domin bayan wannan ma ka ci gaba da juyawa duk ranar da Liman ya ce ka juya, sunan kuwa ya ƙara kama ka.

Na taɓa ce maka, "Me ya sa ba za ka tsaya ka yi musu bayani ba?"

Ka ce, "Ustad, in ce me? Shaidata ta zama ruwa. Wanda ya wuce ya faɗi, shi ake yarda da shi cewa akwai ƙanƙara."

Abin da ba su sani ba, tun daga shekarar duk kwanan da ka yi a Peshawar sai ka je kabarin Mehr Nigar. A cikin baƙar jakar nan, gefen maganin mutane, kakan ɗauki ƙasar Ayun a ƙullin leda da ruwan rafin a gora. Kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har saman kabarin ya canza launi ya bambanta da na kewaye. In ka dawo sai ka zo ka ba ni rahoto kamar wanda ya sauka daga aiki: "Nan tana gaishe ka, Ustad. Ta ce ka daina fita ba hula." Kai ne ke zuwa duk Juma'a ka duba bututun murhuna, ka karanta mini jarida, ka yi mini gardama a kan siyasa don dai in ji muryar mutum a ɗakin. Tun da ka kwanta jinya babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ranar Juma'a sai Gulab, shi ma don ya karɓi kofunansa.

Yanzu akwai hanyar ƙarƙashin dutse, mota tana wucewa ko da hunturu. Da 'yan'uwanka sun so, da sun kawo ka gida a yini guda. Amma ka bar wa Zaibun Nisa wasiyya da bakinka cewa a binne ka a maƙabartar da Nan take. Ka ce kai ka bar ta a can, ba za ka bar ta ita kaɗai ba. Aka yi yadda ka ce. Ni ban iya zuwa ba, likita ya hana ni doguwar tafiya.

Da iyalinka suka dawo aka yi zaman makoki a gidanka, Gulab ya kai ni a motarsa. Ina zaune a kusurwa an lulluɓe mini ƙafafu da bargo, sai na ji wani a bayana, cikin raɗa, yana ce wa na kusa da shi, "Ka gani ko? Ko gawarsa ma ta ƙi ƙetare Lowari." Suka danne dariya. Ban juya na ga ko wane ne ba. Amma na ga Nilufar a bakin labule, tana miƙo tiren shayi, kuma na ga ta ji.

Washegari ta zo gidana. Ga wanda bai sani ba, 'yarka ta bi sawunka ta zama matuƙiya, bara aka ba ta kujerar hagu, kuma wannan hanyar take bi. Ta gyara mini matashi, ta zuba shayi, ta daɗe tana juya cokali.

Ta ce, "Bap, tun ina makaranta ake kirana 'yar Juya-baya. Ban taɓa tambayarsa ba. Da na fara aiki na nemi bayanan ranar na duba. Allon bai nuna hadari ba, hasashen ma ƙanƙara kaɗan ya ce, irin wadda jirgin ke iya ɗauka. Wani jirgin ya wuce da safe lafiya. Na san abin da littafi ya ce, na san allo ba ya ganin komai da komai. Amma kai kana ciki. Ka gaya mini gaskiya, ba don ya mutu ba. Tsoro ya ji?"

Na ce, "Ya ji mana. Ni ma na ji. Wanda bai ji tsoro ba ranar, bai san abin da yake kallo ba."

Sannan na ba ta labarin kamar yadda na rubuta shi a nan: robar, kunyar da ke bayanta, ƙarar tsakuwa, da wurin da ka juya. Na gaya mata matan da ke da goyo a jirgin, 'ya'yansu yanzu sun zama samari, watakila har da mai raɗar jiya a cikinsu. Na ce mata babu wanda ya fi ka son isa Chitral ranar, ko ni ban fi ka ba, kuma allon yana gabanka yana ba ka duk uzurin da kake buƙata ka ci gaba.

Sai ta ce, "Kullum in zan fita sai ya ce in gai da Liman. Na ɗauka wasa ne kawai irin nasa."

Na ce, "Wasa ne. Amma ki riƙa gaishe shi."

Ta yi dariya tana share ido, ta ce shayina ya yi sanyi, ta tashi ta sake ɗorawa.

Ta koma aiki bayan kwanaki. Ranar Asabar da ta wuce sama ta yi garau a kan Chitral, ƙololuwar dutsen Tirich Mir tana ƙyalli. Na fito baranda ina jiran ƙarar jirgi, domin ita ce agogona tun da na ajiye aiki. Ba ta zo ba. Da azahar Gulab ya dawo daga filin jirgi, inda ya je tarbar surukinsa, yana huci.

"Bap, ka ga sama kuwa? Ko gashin tunkiya babu. Wai sun kai Lowari sun koma. An ce 'yar gidan ce ke tuƙi. Abin a jini yake, wallahi."

Na ce, "Gulab, surukin naka yana ina yanzu?"

"Yana Peshawar mana, yana zagina a waya kamar ni na tuƙa."

"To ka gode wa Allah, yana da bakin zagi."

Da la'asar ta kira ni. Ta ce allon ya nuna ƙanƙara kaɗan, mataimakinta ya ce za su iya, amma notin ya yi santsi yana girma tana kallo. Ta ce, "Bap, ban sani ba. Watakila da na ci gaba da mun wuce lafiya." Na ce mata ba za ta taɓa sani ba, mahaifinta ma bai taɓa sani ba, kuma da wannan rashin sanin ya rayu har ya mutu a kan gado, 'ya'yansa na kewaye da shi. Ta ce mutane sun yi ta gunaguni a matakala. Na tambaye ta ko fiffiken ya bushe kafin su sauka. Ta ce tas, ruwa kawai ke ɗiga.

Dinar, na so a ce ka ji muryarta.

Tun da tana kan waya, na ba ta tawa wasiyyar, kuma ina maimaita ta a nan don Haji Bahram da sauran dangi su zama shaida. In lokacina ya yi, kada a haƙa mini a Chitral. A kai ni Peshawar, wajen ku biyun, inda ƙasar Ayun take. Na ce mata ina so in tafi ta sama, ita ke tuƙi, in bi hanyata sau ɗaya na ƙarshe. In kuma ta kai Lowari ta ga rawanin Liman ya yi santsi, ta juyo da ni, a binne ni duk inda aka sauka. Ban yarda wani ya tare ta a gindin matakala ba.

Ya Allah, ga bawanKa Dinar Wali ya zo gare Ka. Ka san abin da ya gani a ranar da mutane ba su gani ba, Ka san abin da ya haɗiye bai faɗa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa rayukan da ya mayar gida lafiya su zama masu nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da Mehr Nigar da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Waɗanda suka kira shi da sunan da ba nasa ba, Ka yafe musu, domin na san shi ya riga ya yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zaibun Nisa, wadda ta yi haƙuri da maganar mutane tsawon shekaru ba ta taɓa ɗaga murya ba; ga Nilufar da ƙaninta Irshad; ga 'yan'uwan marigayin na Drosh; da abokan aikinsa, tsofaffi da sababbi. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsare masu tashi da masu sauka. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Mir Ajab, tsohon matuƙi, Chitral.